Ba kowane birni ne Landan ba: abin da na tarar a Hereford

Tun ranar da na ɗora hotona a WhatsApp ina tsaye gefen wani mutum-mutumin sa, wayata ba ta huta ba. Samarin Agege, na Sabon Sagamu, har da wani yaro daga karar Lokpanta, duk tambayarsu ɗaya: wace unguwa ce wannan a Landan, kuma ta ina mutum zai bi ya zo? To ba Landan ba ce. Sunan garin Hereford, 'yan garin "Herifod" suke cewa, yana can yammacin Ingila dab da iyakar Wales. Na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman da labari ya iso ni cewa wasu har sun fara yi wa iyayensu zancen a sayar da shanu a yi musu kuɗin japa.

Ga wanda bai san ni ba, ni haifaffen Agege ne. Mahaifina falken shanu ne, yana sauko da su daga Potiskum da Maigatari zuwa Oko-Oba, a nan na tashi ina riƙe igiya ina ɗebo ruwa. Sakandare kawai na gama. Na shigo ƙasar nan a 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi, kuma har yau aikin da nake yi ke nan.

Kalma ɗaya ce ta fara ruɗa ni. Da aka turo mini takardar aiki na duba sunan garin a waya, na ga an ce birni ne. Mu da muka tashi a Legas, in aka ce birni ai gadar sama kake hangowa da danfo da cunkoso. Daga tashar Paddington ta Landan na hau jirgin ƙasa, tafiyar wajen awa uku. Ba mu yi nisa ba gidaje suka ƙare, sai gonaki da tumaki. Da na sauka wajen ƙarfe shida na yamma na jawo jakata na fito, wallahi na zaci dokar hana fita aka sa. Kantuna a rufe, titi fayau, ƙarar tayar jakata kawai nake ji.

Daga baya na gane yadda abin yake. A Ingila ba yawan mutane ke sa a kira gari birni ba. Muƙami ne da fadar sarki ke bayarwa, kamar naɗin rawani. A da can, garin da ke da babban cocin da kujerar bishop take, wato katidiral, shi ake ɗauka birni. Ku da ke kudu kun san irin cocin, akwai na Marina a Legas, akwai All Saints a Onitsha. A 1889 aka ba Birmingham muƙamin alhali ba ta da katidiral na cocin Anglika a lokacin, daga nan aka raba abu biyun, amma tsofaffin garuruwan suka ci gaba da riƙe rawaninsu. Shi ya sa St Davids da ke Wales, wadda mutanenta ba su kai 2,000 ba, birni ce. Wells mai mutum wajen 12,000 birni ce. Amma Reading da ta haura mutum 170,000 har yau ba birni ba ce a takarda. Ely, Ripon, Lichfield, Salisbury, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Don haka in ejan ya ce maka aikin a birni yake, bai yi maka ƙarya ba, amma bai gaya maka komai ba.

Hereford mutanenta wajen 60,000 ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege kaɗai sama da mutum 450,000, sai ka kwatanta. Garin yana bakin kogin Wye, cocin kuma yana tsakiya, duk inda ka ɓata ka ɗaga kai ka ga hasumiyarsa ka dawo hanya. Tun wajen shekara ta 676 akwai bishop a nan, ginin da ke tsaye yanzu kuma a 1079 aka fara shi. Na shiga sau ɗaya kallo, don wata taswirar duniya da suke ji da ita mai suna Mappa Mundi. Wajen shekara ta 1300 aka zana ta, Birnin Ƙudus a tsakiya, gabas a sama, kuma duk a kan fatar maraƙi guda. Baƙi suna ta karanta bayani, ni kuwa fatar nake kallo, ina cewa a raina da a Oko-Oba ne da tuni an babbake ta an yi ganda. A gefe akwai ɗakin littattafai wajen 1,500 da aka ɗaure da sarƙa tun zamanin da littafi ke da tsadar doki. Ka gama wannan, ka zagaya tsakiyar gari, ka leƙa bakin kogi, to ka gama ganin Hereford a yini ɗaya.

Shirun garin shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Yawancin kantunan tsakiyar gari kafin shida sun rufe. Ran Lahadi kuma doka ce tun 1994, manyan kantuna awa shida kawai za su buɗe. Babu janareta, babu hon, babu mai wa'azi da lasifika, babu ɗan agbero, babu kiran salla. Ƙararrawar coci ce kawai ke gaya maka lokaci na tafiya. Satina na farko ban iya barci ba saboda shiru, sai da na riƙa kunna rediyo a waya. Mutanen ba su da laifi, za su yi maka murmushi a hanya, su yi maka zancen ruwan sama, su ce na gode ko da kai ka taka su. Amma gaisuwa a bakin ƙofa take ƙarewa. Maƙwabcina na farko mun yi wata takwas bango ɗaya, ban taɓa ganin cikin ɗakinsa ba, shi ma bai ga nawa ba.

A nan ne nake so a tsaya a fahimce ni da kyau. A kudu mu ma baƙi ne, amma baƙuncin namu yana da gida. Yaro zai sauko daga tirela a Mile 12 ko Akinyele ba ko kwabo a aljihunsa, ya tambayi ina Hausawa suke. Kafin magariba ya samu tabarma a shagon wani, mai shayi ya ba shi bashi, gobe an haɗa shi da mai kayan gwari ko mai shanu. In ya yi rigima akwai Sarkin Hausawa, in ya kwanta ciwo a yi masa karo-karo, in ta Allah ta kasance a yi masa sutura kafin la'asar. Ba ma lissafa wannan a kuɗi saboda mun tashi mun tarar da shi. A Landan ko Manchester ko Birmingham za ka samu wani abu mai kama da haka, unguwar Peckham ma cike take da 'yan Najeriya. A ƙaramin birni irin wannan babu zango. Duk abin da zango ke yi maka kyauta, a nan ko ka biya kuɗi ko ka yi da hannunka. Lokacin da mura mai zafi ta kwantar da ni kwana huɗu a sanyin farko, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba don mugunta ba, ba wanda ya san ina kwance. Bahaushe kuwa, sai da na shekara kafin na ji wani ya amsa mini "lafiya lau" ido da ido, shi ma a Birmingham ne.

To me ya sa aikin yake a irin waɗannan garuruwa? Saboda tsofaffi. A gundumar Herefordshire wajen mutum ɗaya cikin huɗu ya kai shekara 65 ko ya wuce. Matasansu suna gama makaranta su tafi manyan birane, masu ritaya kuma su dawo nan neman hutu. Sai aka rasa masu yi musu wanka, ba su abinci, juya su a gado. Aikin ke nan fa, kada wani ya zata ofis ne. A watan Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza, ta nan muka shigo.

Amma bizar igiya ce, kuma ɗaya bakin yana hannun kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Shi ke ba ka takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. In ya kore ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, yawanci kwana 60 za a ba ka ka samo wani mai lasisi ko ka bar ƙasar. Kuma ba wasa ba ne, gwamnati da kanta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470. A babban birni in wannan ya faɗi, ga wani a bayan layi. A ƙaramin gari masu lasisin ƙalilan ne, kuma duk sun san juna. Wannan shi ne haɗarin da shirun garin ke rufewa. Bizarka kuma tana ɗauke da sharaɗin ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati, don haka in aiki ya tsaya babu abin da zai shigo.

Ni kaina ban shigo da wayo ba. Bijimai shida Baba ya sayar muka ba wani ejan a Legas, sai da na zo na gane takardar nan ba kayan sayarwa ba ce, nauyin kamfani ce. An yi mini alkawarin cikakken aiki, watanni ukun farko rabin awannin nake samu, haya kuwa ba ta san wannan ba. Ni Allah ya rufa mini asiri abin ya daidaita. Wani da muka biya ejan ɗaya da shi ya sauka ya tarar babu aikin kwata-kwata.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga masu kira na. Ƙofar da na shigo ta ita an rufe ta. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan aiki zuwa da mata da 'ya'ya. Daga 22 ga Yuli 2025 kuma aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Duk wanda ya zo maka yau a Agege ko Sabo ya ce yana da gurbin wannan aiki a Ingila, kawo miliyan kaza, to shanun mahaifinka yake so. Ɗalibai ma tun Janairun 2024 yawancinsu ba sa iya zuwa da iyali. Sauran hanyoyin aiki an ɗaga musu sharaɗin karatu da na albashi, mai takardar sakandare irina zai sha wuya. Dokokin suna sauyawa kusan kowace shekara, kuma duk suna shafin gov.uk kyauta, ka sa wanda ya iya Turanci ya karanta maka kafin ka saki ko naira ɗaya.

Maganar kuɗi kuwa, a Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 a awa. Na san abin da kake yi yanzu, kana bugawa da canjin naira. Ni ma na yi. Amma duk abin da ya haura fam 12,570 a shekara ana cire masa harajin kashi 20 cikin 100, ga kuɗin inshorar ƙasa, tun kafin kuɗin ya taɓa hannunka. Sai haya, sai harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa gida, sai wuta da gas na ɗumama ɗaki wanda a sanyi yake cin kuɗi kamar wuta a kara. Kafin ka shiga gida za ka ajiye kuɗin jingina, doka ta ce kada ya wuce hayar sati biyar. A nan ne ƙaramin gari ya yi wa Landan fintinkau. Ɗakin da nake ciki a gidan haɗaka, wani abokina a Landan kusan ninkinsa yake biya a kan wanda bai kai shi ba. Kuma babu inda za ka kashe kuɗi, ba biki, ba suna, ba ashobi. Abin da nake iya turawa gida daga nan yake fitowa.

Sai dai abin da ka rage a haya, mota za ta iya cinye shi. Cikin gari ƙafa ta isa, amma gidajen tsofaffi da yawa suna ƙauyuka, bas kuma ba danfo ba ce da za ka ɗaga hannu ta tsaya. Tana da lokacinta, da yamma ta ɗauke, wasu hanyoyin ran Lahadi babu ita sam. Lasisin tuƙinka na Najeriya wata 12 kawai zai yi maka, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu, kuma a hannun hagu ake tuƙi. Abin dariya, 'yan garin kullum kukansu cunkoso a kan babbar gadar da ta ƙetare kogin. Ranar da na ga abin da suke kira cunkoso, na tuna Oshodi na yi shiru.

Musulmi 'yan kaɗan ne a nan, kusan duk mun san fuskar juna, yawanci likitoci da masu gidajen abinci da ma'aikata irina. Ba masallaci a kowane lungu, sai ka tsara aikinka tun farkon mako in kana son Juma'a. Rana ma ba irin tamu ba ce. A Disamba sai bayan takwas take fitowa, wajen huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a bakin aiki cikin awa huɗu. A Yuni kuwa tara da rabi na dare da sauran haske. Mun yi sa'a azumin shekarun nan a Maris yake faɗowa. Agogonsu ma sau biyu ake juya shi a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Najeriya, sauran watannin muna bayanku da awa ɗaya. Layya kuma, manta da sayen rago ka ɗaure a ƙofar gida. Yanka sai a mayankar da ke da lasisi, don haka ko ka ba mahaucin halal oda ko ka tura kuɗi gida, ni na biyun nake yi.

Duk wata nakan hau jirgi zuwa Birmingham, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi, in bi unguwar Small Heath in sayo nama da garin masara da kuɓewa da manja, in ji hayaniya ta ishe ni, in dawo. Kada ka ce za ka taho da kilishi ko dambun nama ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, a filin jirgi za a karɓe. Wani gargaɗin kuma, yankin nan gidan tuffa ne, kamfanin Bulmers tun 1887 yake nan. Kwalbar da ka ga hoton tuffa an rubuta cider, ba lemo ba ne, giya ce. Saura ƙiris in kai ta wurin biya, wata tsohuwa da ta ga hulata ta taɓa ni ta gaya mini.

Abin da ya sa na fara son garin, shanu ne. Wancan mutum-mutumin da kuka gani a hotona, a tsakiyar gari yake gaban wani tsohon gidan katako da aka gina a 1621, kuma san Hereford ne, irin shanun da garin ya ba suna. Jajaye ne masu farar fuska, gajeru, ba tozo, ba doguwar ƙafa irin ta rahaji, nama ne tun daga wuya har gindi. Daga nan aka kai irinsu Amurka da Ajantina da Ostireliya. Ƙungiyar ƙwallon garin ma da bijimi ake mata laƙabi. Karar garin a da tana tsakiyar birni, a 2011 aka mayar da ita bayan gari, tsohon filin aka yi kantuna.

Na je karar ranar hutuna. Warin dai iri ɗaya ne da na gida, har sai da idona ya kawo ruwa. Amma ciniki daban. Babu dillali ya ja ka gefe, babu "taya", babu "albarka", babu a kira Alhaji wane ya raba gardama. Gwanjo ne. A koro dabba cikin wani zagayen ƙarfe, nauyinta ya fito a allo, mai gwanjo yana zuba magana kamar ruwan sama, masu saye suna ɗaga yatsa ko gira kawai. Kafin minti ɗaya an sallama, an koro wata. Kowace saniya da lamba a kunnuwanta biyu, kuma tana da fasfo nata na kanta, da ranar haihuwarta da lambar uwarta da duk gonar da ta taɓa zama. In ta sauya hannu, cikin kwana uku sai an sanar da hukuma. Tun 1996 suka fara wannan saboda cutar haukan shanu, sannan ciwon baki da kofato ya zo a 2001 aka hallaka dabbobi sama da miliyan shida, suka ƙara ɗaure abin. Shi ya sa ba sa wasa da kilishinka. Na tsaya ina tunanin ɓarayin shanu na dajin Zamfara, a ina za su kai saniyar da kowa ya san uwarta? Wani dattijon manomi ya ga yadda nake duba ƙafafu da haƙarƙarin wani maraƙi, ya tambaye ni a ina na koya. Na nuna masa hoton bunajin Baba a waya. Ya daɗe yana kallon ƙahon da tozon. Shi ne Bature na farko da ya gayyace ni gidansa shan shayi.

Ban ce kowa ya guji ƙaramin gari ba. Wuta ba ta ɗaukewa, ina dawowa daga aiki tsakar dare ba na waiwaye, ba wanda ya taɓa tare ni ya ce in kawo na goro. Mai iyali da ke da cikakkun takardu da sana'ar da ake nema, nas ko likita, zai ji daɗin nan fiye da Landan. Amma saurayi shi kaɗai, wanda ya saba in ya fito ƙofar gida mutum goma sun kira sunansa, ya tambayi kansa ko zai iya wata biyar na duhu da sanyi da bango huɗu. Na san wanda bai iya ba, ya tattara ya koma Manchester yana biyan haya mai tsada don kawai ya ji ana hayaniya.

Ran nan muna waya da Baba nake ba shi labarin fasfon shanu. Ya yi shiru, can ya ce, "To tsakanin kai da saniyar, wa ya fi wani takarda?" Na ce wallahi Baba ita ce, tata ba ta ƙarewa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambaye ni zancen bijimansa shida. Na mayar da huɗu, saura biyu.